Bashin Mota Ya Gagara Biya: Tambayoyi da Amsoshi ga Direbobi da Masu Motoci a Tahoua

Tun daga 2023, da aka rufe iyakar Benin kuma Najeriya ta janye tallafin mai, lissafin da mutane da yawa suka yi ranar ɗaukar mota ya rushe. Fetur ɗin da ake samu da araha ta hanyar Konni ya yi tsada, kayan gyara sun hau, biyan wata kuwa yana nan yadda yake. Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa a bakin tasha, a gareji, da wajen ma'aikatan da suka ɗauki mota da bashin banki. Bayani ne na share fage. Wanda takardar kotu ta riga ta iso hannunsa, ya haɗa da ganin lauya.

1. Wata nawa zan yi ban biya ba kafin a fara maganar karɓe mota?

Doka ba ta yanke cewa wata biyu ne ko uku ba. Abin da ka sa wa hannu shi ke magana, don haka ɗauko kwantaragin, ka nemi wanda ya iya Faransanci sosai ya karanta maka layi-layi. Galibin kwantaragin banki suna da wani sharaɗi da ba a cika lura da shi ba: in ka saɓa biyan wata, aka aiko maka takardar gargaɗi ba ka cika ba, bashin gaba ɗaya ya zama na biya nan take. Mai ganin jika 300 ce ta wata biyu ake bin sa sai ya wayi gari ana neman miliyan 3 a hannunsa.

Ƙa'idar BCEAO, babban bankin ƙasashenmu masu sefa, ta sa banki ya ware bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba, ya sa shi cikin masu shakkar dawowa. Yawanci daga nan ne dosiyenka ke barin teburin wanda kuka saba gaisawa, ya koma biron masu karɓo bashi. Duk sulhun da za ka nema ya fi sauƙi kafin wannan kwana 90.

2. Wace doka ce ke aiki? Ba mun fita daga CEDEAO ba?

Mun fita a Janairun 2025, amma maganar bashi ba ta CEDEAO ba ce. Dokokin OHADA ne, ƙungiyar ƙasashe 17 da aka kafa a 1993, kuma Nijar tana cikinta. Biyu ne suka shafe ka: dokar jingina da tsayawa ta 2010, da dokar karɓo bashi da zartar da hukunci, wadda aka sabunta a Kinshasa a Oktoban 2023, ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairun 2024. Sabuntawar ta rage wasu wa'adi, shi ya sa shawarar wanda ya yi shari'arsa shekara biyar da suka wuce za ta iya ɓatar da kai (duba tambaya ta 5).

3. Kafin in gama biya, motar ta wane ne?

Ya danganta da irin cinikin. In banki ya ba ka kuɗi ka saya, motar taka ce, amma a jingine take ko da tana hannunka. Ana rubuta jinginar a rajistar kasuwanci ta RCCM da ke hannun magatakardan kotu, ana kuma ambatonta a jikin katgiris. Rashin ganinta a katgiris bai soke ta ba in dai tana cikin rajista. Mai sayen mota a hannu ya riƙe wannan: banki yana da ikon bin motar da aka yi wa rajistar jingina har hannun wanda ya saye ta, ko da ya biya kuɗinsa cas.

In mai sayar da motoci ne ya ba ka, ya rubuta cewa mallaka tana hannunsa sai ka cika, to tasa ce har biyan ƙarshe. In kuwa lizin ne, wato haya mai ƙarewa da saye, motar ta kamfanin ce, kai ɗan haya ne har ranar da ka biya cikon da aka yanke.

4. Banki na iya turo mutane su ɗauke ta haka kawai?

A'a. Mai bin bashi ba ya zama alƙalin kansa. Kafin ya sa a sayar da motar jingina, sai yana riƙe da takardar da doka ta ba ƙarfin zartarwa, kuma sai kwana 8 sun cika bayan ya aiko maka gargaɗi. Wanda ke aikin shi ne wisiye, ma'aikacin shari'a mai kai sammaci da zartar da hukunci, ba yaran banki ba.

Sai dai takarda mai ƙarfin zartarwa ba hukuncin alƙali kaɗai ba ce. Kwantaragin da aka yi a gaban noter, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita, aka buga masa hatimin zartarwa ya isa, haka ma takardar sulhun da alƙali da ku biyu kuka sa wa hannu. Mai zaune yana cewa "ai ba a kai ni kotu ba tukuna" ya tuna ko ya taɓa shiga biron noter ranar karɓar kuɗin. Ɗan kasuwa ko mai sufurin da ya ci bashin don sana'arsa, doka ta yarda a rubuta masa tun farko cewa in ya gaza motar ta zama ta mai bashi, amma sai ƙwararre ya yi mata ƙima an cire daga bashin. Sannan in banki ya nuna wa alƙali cewa kana shirin ɓatar da motar, zai iya samun izinin a ɗaure ta tun kafin hukunci.

5. Wisiye ya kawo mini takardar umurnin biya daga kotu. Me zan yi?

Rubuta ranar da ka karɓa. Kana da kwana 10 ka yi jayayya. A tsohuwar doka 15 ne. Jayayyar kuma ba wasiƙa ba ce, ba kuma zuwa banki ka yi bayani ba ne: ta hannun wani wisiye ake yin ta, a sanar da mai bashi da magatakardan kotu, a sa ranar zama. In ka yi, alƙali zai fara gwada sulhu, in bai yiwu ba a shiga shari'a, inda za ka iya ja da lissafi, da tarar jinkiri, da kuɗin ruwa. In kwana 10 suka wuce shiru, takardar za ta koma kamar hukuncin da aka yi a gabanka.

Na taɓa ganin wani direban Hiace mai hanyar Tahoua zuwa Konni da ya karɓi irin wannan takarda, ya ninke ta huɗu ya soke a bayan abin tare rana, cikin tsofaffin rasiɗan fetur. Sai bayan wata biyu, ranar kamu, aka zaro ta, zafi ya riga ya cinye tawadar hatimin. Yana da rasiɗan biyan wata huɗu da ba a lissafa masa ba, amma ƙofar da zai nuna su cikin sauƙi ta rufu. Ƙin karɓar takarda ma bai tsayar da komai, wisiye zai rubuta cewa ka ƙi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi biron ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011, a babbar kotu.

6. Yaya ranar kamun take?

Kafin ta zo, za a ba ka takardar umurni ta ƙarshe mai wa'adin kwana 8. Ba a fara kamu kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 6 na yamma, ba a yi ranar Lahadi ko ranar hutu, sai da izinin alƙali na musamman. Wisiye zai iya zuwa da ƴan sanda ko jandarma. Zai rubuta abin da ya kama ya ba ka kwafi. Sau da yawa motar tana zama hannunka a matsayin amana: ka iya tuƙa ta, amma ba ka sayarwa, ba ka kyauta, ba ka ɓoyewa. Alƙali kuma zai iya cewa a tsayar da ita har ranar sayarwa.

In za a tafi da ita, kada ka yi kokawa. Duka ko zagin wisiye laifi ne dabam da zai hau kan bashin. Kwashe kayanka, ka ɗauki hoton kilomita, tayoyi, batir, jak da tayar ajiya, ka sa a rubuta su. Motar da ta yi wata uku a fili cikin rana da ƙura ba ta cika fita yadda ta shiga ba.

7. Zan iya sayar da ita da kaina, in kauce wa gwanjo?

E, kuma a ganina wannan ce dama mafi tsada da mutane ke bari ta wuce. Bayan kamu kana da wata 1 ka nemo mai saye. Ka rubuta wa wisiye sunansa, da kuɗin da ya taya, da lokacin da zai biya. Mai bashi yana da kwana 15 ya amince, ya ƙi, ko ya saya da kansa. Shirunsa amincewa ne. Kuɗin ba hannunka za su shiga ba, wajen wisiye ko magatakarda ake ajiye su, kuma motar ba ta tashi sai sun shiga.

A gwanjo, ana liƙa sanarwa a ma'aikatar magajin gari da kasuwa, masu zuwa kuwa galibi dillalai ne da suka san juna, sun kuma san ba mai cewa albarka. Kai da ka san ranar da aka sauke injin da irin man da take sha, ka fi kowa iya samo mata kuɗi, ko nan ko Yamai. Wanda ya fi wayo ma ba ya jiran kamu: yana zuwa banki da mai saye, a yi cinikin da izininsu a rubuce, a ɗage jinginar.

8. An sayar da motar. Bashin ya ƙare ke nan?

Bai ƙare ba sai in kuɗin sun rufe shi, kuma nan ne mutane suka fi shan mamaki. Ga misali. Sauran bashinka miliyan 3 da jika 200. Tarar jinkiri, kuɗin wisiye, na ajiye mota da na gwanjo sun kai jika 450, domin kuɗin zartar da hukunci a kan wanda ake bi suke. Jimla miliyan 3 da jika 650. Motar ta tashi a miliyan 2 da jika 400. Saura miliyan 1 da jika 250 a wuyanka, ba mota, ba abin nema, kuma za a iya bin sauran dukiyarka a kansu (tambaya ta 12) ko wanda ya tsaya maka (tambaya ta 11).

In kuɗin sayarwa sun fi bashin, rarar taka ce. Nemi lissafi a rubuce. Haka kuma in ka miƙa makulli da kanka don ka huta, kada ka fita sai da takardar da ta faɗi ko an yafe sauran ko ba a yafe ba. "Shi ke nan, mun rabu lafiya" ta baki ba ta hana takarda zuwa baɗi.

9. Za a iya kai ni kaso?

Kasa biyan bashi kaɗai ba laifin ɗauri ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƴancin ɗan Adam na farar hula da siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta haramta hakan a sashe na 11. Duk mun san ana kai maganar bashi kwamisariya don tsoratarwa, amma hurumin kotun farar hula ne ko ta kasuwanci.

Abin da ke kai mutum kaso shi ne abin da ya yi bayan bashin ya gagara: sayar da motar da aka kama ko ta jingina a ɓoye, ƙetarar da ita iyaka, kwance ta a sayar gunduwa-gunduwa, cefanar da motar lizin, ko cin bashin da takardun jabu tun farko. Shek marar kuɗi kuma zai iya jawo a hana ka amfani da shek har shekara 5.

10. Ba banki ba ne, wani Alhaji ne ya ba ni mota ina biya sannu-sannu. Ya aiko an ɗauke ta da dare. Yana da wannan ikon?

Wannan ya fi na banki yawa a garin nan, ya kuma fi wuyar warwarewa, don yawanci ba rubutu. Katgiris da sunan Alhaji, makulli na biyu a aljihunsa, abansi da biyan wata duk da baki. Tambayar farko da alƙali zai yi ita ce: sayarwa aka yi, ko kai direbansa ne mai kawo kuɗi da alkawarin wata rana ta zama taka? In sayarwa ce, sharaɗin riƙe mallaka sai an rubuta shi, a ƙalla ranar miƙa motar. In ba a rubuta ba, kuɗi yake bin ka, ta kotu zai bi. In an rubuta, zai iya neman motarsa, amma a yi mata ƙima a cire daga sauran bashin, in ƙimar ta fi abin da ya rage ya maido maka bambancin. Riƙe mota da duk abin da ka biya, alhali saura kaɗan ka gama, bai da gindi a doka.

Tattara shaida tun yau: saƙonnin WhatsApp, rasiɗan aika kuɗi, littafin yaron shagonsa, mutanen da aka yi cinikin a gabansu. Fara da shugabannin sandika ko dattijon da Alhaji ke jin nauyinsa. Sau da yawa a nan ake gamawa, kuma zumunci bai mutu ba. Abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, shaidu biyu su sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin kunya ba ne ka ce wa babba a rubuta.

11. Na tsaya wa ƙanena, yanzu ni ake kira. Dole in biya?

In tsayawar ta cika sharaɗi, e. Doka ta ɗauki mai tsayawa a matsayin wanda za a iya bi kai tsaye, ba sai an gama da dukiyar wanda ya ci bashin ba, sai in an rubuta akasin haka. Amma duba abu huɗu. Dole akwai takarda da sa hannunka, da iyakar kuɗin da ka rubuta da hannunka, da haruffa da lamba. Wanda bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu. Ba a bin ka fiye da wannan iyaka. Sai an yi wa ƙanenka gargaɗi bai biya ba, a kuma sanar da kai cikin wata 1. Sannan sharaɗin nan na biyan komai nan take (tambaya ta 1) ba ya faɗowa kanka kai tsaye. Muddin kana cika biyan wata, a kan tsarin farko za a bi ka.

Abin da ka biya, kana da ikon bin ƙanenka da shi. Ko za ka iya wannan a gaban mahaifiyarku, wata magana ce.

12. Za su iya taɓa albashina, asusuna, ko kayan matata?

Asusun banki ana iya ɗaure shi, kana da wata 1 ka yi jayayya. Albashi sai an fara zaman sulhu a gaban alƙali, kuma wani kaso ne kawai ake yanka, doka ta tsare sauran don cin gida. Ma'aikacin da albashinsa ke sauka a bankin da ya ba shi bashi kuwa, tun farko ya ba su izinin cirewa. Abubuwan da rayuwar iyali ba ta yiwuwa sai da su ba a kama su. Hujjar cewa "motar ce sana'ata" ba ta aiki in bashin na kuɗin motar ne kanta.

Kayan ɗakin matarka da dabbobinta nata ne, sai in ita ma ta sa hannu. In an haɗa da su, ita za ta nemi kotu ta fidda su kafin sayarwa, da rasiɗi ko shaidu.

13. Alƙali zai iya ba ni lokaci?

Zai iya. Sashe na 39 na dokar karɓo bashi ya ba shi ikon ɗage biya ko rarraba shi har shekara 1, bayan ya duba halinka da buƙatar mai bashi. Ba a ba wanda ya zo da "wallahi babu" kaɗai. Kawo takardar asibiti, ta gareji, ko ta sallama daga aiki, da tsarin abin da za ka iya biya kowane wata. Wanda ya ci gaba da kai ko jika 30 ya fi wanda ya kashe waya. Addini ma haka ya raba: a jinkirta wa mai ƙunci, amma jan ƙafar mai hali zalunci ne.

Ka sa a duba kuɗin ruwan kuma. Majalisar ministocin ƙasashen sefa ce ke yanke iyakarsa, tana gyara ta lokaci-lokaci. A 2013 ta sa kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun bashi, aka fara aiki da shi a 2014. Ana haɗawa da kamasho da sauran kuɗin dosiye wajen lissafin, kuma wuce iyakar laifi ne.

14. Maigidana ya rasu da bashin mota. Mu za a bi?

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Hajiya, kafin ki sa hannu a kowace sabuwar takarda, a duba kwantaragin: bashin banki da yawa yana tafe da asiransin rasuwa da ake cira tun farko. In akwai, a kai takardar shaidar rasuwa da wuri, asiransin ya biya sauran. In babu, daga dukiyar mamaci ake fidda bashi kafin a raba gado, kuma jinginar tana nan kan motar. Sayar da ita da yardar magada da bankin (tambaya ta 7) ya fi barin ta a ƙofar gida tara na hawa.

Haɗari ko sata dabam ne. Asiransin dole da galibinmu ke yanka, wanda ka yi wa ɓarna yake biya, ba motarka ba. Mota ta ƙone, bashi na nan.

15. In na tafi bida na daɗe, maganar ba za ta mutu ba?

Bashin banki yana faɗuwa in shekara 5 suka wuce ba a neme shi ba, amma ƙara a kotu, kamu, ko amsawarka cewa ana bin ka, kowanne yana maida ƙirgar farko. Banki kuwa ba ya barci shekara 5. Kana can, wanda ya tsaya maka ne zai sha kira. Sassauci ɗaya: in ba a hannunka aka ba da takardar umurnin biya ba, kwana 10 ɗin nan suna farawa daga takarda ta farko da ta iso hannunka, ko kamun farko da aka yi wa kayanka.

Sunanka kuma yana gabanka. Tun 2016 bankuna da manyan asusun bashi na ƙasashe 8 masu sefa ɗaya da mu suna zuba tarihin biyan mutane a Creditinfo, kamfanin da ke tara bayanan masu cin bashi, bayanin yana zama shekara 5, kuma kana da ikon neman rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ka sa a gyara kuskure. Cibiyar kamfanin tana Abijan.